Yadda Shayi Ya Zama Ɗan Gida a Indiya da Maƙwabtanta

Da wuya mutum ya kalli fim ɗin Indiya daga farko har ƙarshe bai ga an kawo shayi ba. In dangin saurayi sun zo ganin yarinya, ita ce za ta fito da faranti cike da kofuna, kai a sunkuye, hannu na rawa. In ɗan sanda na farautar ɓarawo, wurin mai shayin bakin titi zai fara tsayawa ya bugi cikinsa. In jirgin ƙasa ya shigo tasha da asuba, kafin a ga fuskar kowa za a ji muryar mai talla yana bin taga-taga da butarsa, yana kiran shayi mai zafi. Wanda ya tashi da kallon waɗannan finafinai a Kano ko Damagaram ba za a ga laifinsa ba in ya ɗauka Indiyawa sun gaji shayi ne tun kaka da kakanni.

Al'adar kuwa ba ta kai tsufan da ake zato ba. A ƙauyuka da dama na arewacin Indiya da Pakistan har yau akwai tsofaffin da suka buɗi ido a gidajen da ba a ɗora tukunyar shayi da safe. Madara ake sha, ko nonon da aka kaɗa da ruwa, wanda suke kira lassi. A tsawon rayuwar mutum guda shayi ya game waɗannan ƙasashe, kuma ba da ƙafarsa ya shigo ba. Tallata shi aka yi, da kuɗi da naci, shekara da shekaru, kafin talaka ya yarda ya kai shi baki.

Itacen dai ɗan ƙasa ne. A dazuzzukan Assam, can arewa maso gabashin Indiya inda kogin Brahmaputra ya ratsa, ƙabilar Singpho sun daɗe suna tsinkar ganyensa, su ɗura shi cikin gora, su kyafe a kan hayaƙi, su riƙa yanka suna dafawa. A 1823 wani Bature ɗan Sikotilan, Robert Bruce, ya sami labarin itacen daga wani basaraken Singpho, ta hannun wani babban mutumin Assam mai suna Maniram Dewan. Labarin ya zo wa Turawa a kan gaɓa. Ingila ta riga ta kamu da shayi, ganyen kuma duk daga ƙasar Sin yake fitowa, Sinawa kuwa azurfa kawai suke karɓa. Da majalisar Birtaniya ta soke babakeren da kamfanin East India ke yi a cinikin Sin a 1833, sai neman wata gonar ya zama dole. Gwamna-janar William Bentinck ya kafa kwamitin shayi a 1834, a Janairun 1839 kuma aka yi gwanjon akwatunan farko na shayin Assam a Landan. Maniram da ya nuna musu hanya shi ma ya buɗe gonakinsa yana gogayya da su. A 1858 suka rataye shi bisa zargin yana da hannu a boren da aka yi wa Turawa a 1857.

Daga nan gandaye suka yi ta tsirowa. Wani likita, Archibald Campbell, ya gwada shuka a tsaunukan Darjilin a 1841. Robert Fortune ya shiga ƙasar Sin a 1848, ya aske kai, ya sa tufafin Sinawa, ya kwaso iri da dashe har da gwanayen sarrafa ganye. A Silhet, cikin Bangladesh ta yau, an buɗe gandun Malnicherra a 1854. Tsibirin Silon, wato Siri Lanka, da kofi ya yi suna, har wata cutar ganye ta faɗa wa gonakin daga 1869 ta ƙarar da su. Sa'ar da aka yi, James Taylor ya riga ya shuka eka 19 na shayi a Loolecondera tun 1867, masu gonaki sai suka bi sahunsa. A 1890 wani mai kantunan kayan masarufi daga Gilasgo ya zo tsibirin ya sayi gonaki, ya fara ƙulla ganyen a fakiti yana sayar wa talakawan Ingila da araha. Sunansa Thomas Lipton, kuma sunan ne ke rataye a bakin zaren da mai shayi ke tsomawa cikin kofi a kowace unguwa ta ƙasar Hausa.

Gandu ba ya nome kansa. Manoman Assam suna da gonakinsu, ba su ga dalilin yi wa Bature ƙwadago ba, don haka dillalai suka bazama yankunan da yunwa ke addaba, Chota Nagpur da Bihar da Odisha, suna ɗebo mutane da alkawarin arziki. Takardar da ake sa su dangwala wa yatsa ta sa guduwa daga aiki ya zama laifin ɗauri, da yawansu kuma tun a hanya cuta ke kashe su cikin jiragen ruwa. A 1921 dubban leburori suka bar gandayen kwarin Chargola da niyyar komawa garuruwansu. A tashar Chandpur sojoji suka far musu cikin dare. A Silon kuwa Tamilawa aka kwaso daga kudancin Indiya aka jera su a dogayen gidaje masu ɗaki ɗaiɗai a gefen tsaunuka.

Duk wannan wahala domin kofin Bature ake yinta. Har ƙarshen ƙarni na 19 kusan dukkan ganyen jirgin ruwa yake shiga. Masu shan shayi a cikin gida 'yan ƙalilan ne: attajiran Kalkata masu kwaikwayon Turawa, da mutanen Kashmir da na tsaunukan Himalaya, waɗanda nasu shayin ta hanyar fatake ya iso musu tun da can. Sai da kasuwar waje ta fara cika, farashi ya fara rawa, masu gandaye suka waiwayo suka ga ashe miliyoyin bakuna na nan a ƙofar gidansu. A 1903 aka sa haraji a kan duk ganyen da za a fitar, aka ware kuɗin don talla.

Tallar da aka yi abar a tsaya a duba ce. An kafa rumfunan shayi a manyan tashoshin jirgin ƙasa. An lallashi masu masaƙu da ma'adinai su ba ma'aikata hutun shan shayi, aka nuna musu cewa lebura zai fi kuzari. An bi gari-gari ana dafawa ana rabawa kyauta, ana sayar da ɗan ƙulli a kan kuɗi mafi ƙanƙanta. Tun da namiji ba ya shiga gidan kulle, sai aka ɗauki mata ma'aikata suna shiga cikin gidaje suna koya wa matan aure dafawa. Da tattalin arzikin duniya ya karye a shekarun 1930 kasuwar Landan ta faɗi, abin sai ya ƙara ƙaimi. Ba kowa ya yi maraba ba. Mahatma Gandhi ya sa shayi cikin jerin abubuwan da jiki ba ya bukata, ya kuma tuna wa mutane halin da leburorin gandaye ke ciki. Shahararren masanin kimiyya na Bengal, Prafulla Chandra Ray, guba ya ɗauke shi, ya yi ta rubutu a kansa. A idon 'yan kishin ƙasa da dama, kofin shayi kofin mulkin mallaka ne.

Abin da masu tallar ba su yi tsammani ba shi ne yadda mai shayin bakin titi zai yi watsi da darasin da aka koya masa. Ƙa'idar Bature ita ce a zuba tafasasshen ruwa a kan ganye cikin buta, a rufe, a jira 'yan mintuna, a ɗiga madara kaɗan. Mai shayin Indiya bai ga riba a nan ba, don ganyen ne mafi tsada cikin kayan. Sai ya ɗora tukunya, ya haɗa ruwa da madarar ɓauna mai kauri, ya watsa ɗan ganye, ya kwarara sukari, ya daddaka citta ɗanya da ƙwayar kadamon, wadda Larabawa ke kira hel, ya jefa. In ya taso zai zube, ya ɗaga tukunyar daga wuta, ya mayar, ya sake ɗagawa, yana kwasa da ludayi yana zubowa daga sama har launin ya koma ja-ja-ja. Sannan ya tace da ƙyalle ko rariya cikin ƙananan kofunan gilashi. Lokacin sanyi wasu kan ƙara kanumfari da kirfa da masoro. Jami'an tallar sun ɗauki wannan a matsayin algus, don yana rage ganyen da za a saya. Yau shi duniya ta sani da sunan shayin Indiya.

Na'ura ce ta ƙarasa aikin. A farkon shekarun 1930 William McKercher ya ƙera wata a gandun Amgoorie na Assam, mai naɗi biyu masu haƙora, tana murƙushe ganye, ta yayyaga shi, ta mulmula shi zuwa ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe. CTC ake kiranta. Sai a shekarun 1950 da 1960 ta bazu, bayan an gyara ƙirarta. Ganyen da ta fitar yana da araha, yana sakin launi nan da nan, yana jure doguwar tafasa, kilo ɗaya kuma yana ba da kofuna masu yawa. Daga 1970 shirin bunƙasa madara da Verghese Kurien ya jagoranta ya cika birane da madara. Ganye ya yi sauƙi, madara ta samu, sukari dama ana nomansa. A wannan tsakanin ne shayi ya shiga bukkar manomi, ya zama abin da ake miƙa wa baƙo kafin a tambaye shi abin da ya kawo shi, aka kuma sama masa abokin tafiya, biskit ɗin Parle-G da ake tsomawa. Yau Indiya na samar da fiye da tan miliyan 1.3 a shekara, ita ce ta biyu bayan Sin, kuma kusan kashi 80 cikin 100 a gida ake shanye shi. Lissafin zamanin Turawa ya juye gaba ɗaya.

Kowane gari kuma ya ja abin zuwa ga ɗabi'arsa. A Mumbai, inda kowa sauri yake yi, rabin kofi ake saye, a kurɓe a tsaye, a dawo bayan awa biyu. A Kalkata ba mai sauri. Can shayi abokin adda ne, doguwar hirar da ba ta da ajanda, tamkar majalisar bakin titi a garuruwan Hausa, inda za a taso daga ƙwallo a faɗa siyasa a ɓulle adabi. Kofin Kalkata na yumɓu ne, ƙarami, ba fenti, maginan tukwane ke murza shi da hannu dubu-dubu; in an shanye sai a yar ya fashe. Masu sonsa na cewa ƙamshin ƙasa yake ƙara wa shayin. Gaskiya ne, amma akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba: a al'ummar da aka raba mutane hawa-hawa, kofin da ba wanda ya taɓa kai wa baki ya raba gardama. Kafin raba ƙasar zuwa Indiya da Pakistan a 1947, tashoshin jirgi na da mai shayin Hindu daban, na Musulmi daban. A wasu ƙauyukan kudancin Indiya har yanzu akan kama masu shayi da ware kofuna daban ga 'yan Dalit, waɗanda aka ajiye a hawa na ƙasa, duk da doka ta haramta. Roba da takarda sun ci kasuwar yumɓu. A 2004 ministan jiragen ƙasa Lalu Prasad Yadav ya ba da umarnin a dawo da shi tashoshi don maginan tukwane su sami aiki, amma umarnin bai yi ƙarko ba.

Cikin wuraren da suka fara zaunar da kowa a teburi ɗaya akwai gidajen shayin Iraniyawa, baƙin da suka zo daga Farisa tun ƙarshen ƙarni na 19, suka kama shagunan kwana a Mumbai da Pune da Haidarabad. Tebur mai saman marmara, baƙaƙen kujerun katako, burodi mai taushi shafe da man shanu. A Haidarabad ruwan ganyen daban ake turara shi a rufaffiyar tukunya, madarar kuma daban take dahuwa har ta yi kauri, sai a kofi suke haɗuwa, a kawo da biskit ɗin Osmania mai ɗan gishiri-gishiri, wanda ya ci sunan Nizam na ƙarshe, wato sarkin Haidarabad, Mir Osman Ali Khan. A shekarun 1950 irin waɗannan gidaje ɗaruruwa ne a Mumbai. Yanzu 'yan goma suka rage: kuɗin fili ya yi tashin gwauron zabo, 'ya'yan masu su kuma sun yi boko sun kama wasu sana'o'in.

Shayin Kashmir kuwa ba ruwansa da sukari. Koren ganye ake tafasawa tsawon lokaci da ɗan garin soda, a zuba ruwan sanyi, a yi ta sheƙa shi da ludayi har ya koma jawur, sannan a sa madara, sai ya rikiɗe ruwan hoda. Gishiri ake sa masa. Daga samoba ake zuba shi, wata butar tagulla mai bututun gawayi a tsakiya, a sha da gurasar da aka sayo da ɗuminta wurin mai tanderun unguwa. Baƙon da ya kurɓa yana jiran zaƙi kan yamutsa fuska. In biki ne kuma sai a kawo kahwa, koren shayi da za'afaran da kirfa da yankakken almon.

Labarin Pakistan shi ya fi ban mamaki. Ƙasar da direban babbar mota ba ya tashi sai ya sha doodh patti, madara zalla da ganye ba ɗigon ruwa, ƙasar da a Karachi gidajen shayin mutanen Kwetta ke kwana a buɗe, a kasuwar Qissa Khwani ta Peshawar kuma ake ta zuba koren shayi daga ƙananan butoci, ba ta noma shayin da za a ambata. Kafin 1971 ba ta damu ba, don gandayen Silhet nata ne. Da Bangladesh ta ɓalle sai ta wayi gari da ɗabi'a ba gona. Yau ita ce kan gaba a duniya wajen sayo shayi daga waje, galibinsa daga Kenya, kuma kuɗin kan haura dala miliyan 600 a shekara. A watan Yunin 2022, da asusun kuɗin waje ya yi ƙasa, minista Ahsan Iqbal ya roƙi jama'a su rage kofi ɗaya ko biyu a rana, tun da bashi ake ciyowa a sayo ganyen. Dariya da zagi ya sha. Abin da aka yi shekaru ana roƙon kakanni su ɗanɗana, ga shi ana roƙon jikoki su rage, sun ƙi.

'Yan siyasa sun daɗe da gane nauyin wannan kofi. Narendra Modi ya sha faɗin cewa yana yaro ya taya mahaifinsa sayar da shayi a tashar Vadnagar, ko da yake abokan hamayyarsa na musanta labarin. Da wani jigon jam'iyyar Congress, Mani Shankar Aiyar, ya yi masa gori da sana'ar a farkon 2014, sai 'yan yaƙin zaɓensa suka mayar da gorin jari, suka haɗa shi ta bidiyo da ɗaruruwan wuraren shan shayi yana hira da masu zaɓe. A watan Mayu ya zama firaminista.

Sauyin bai tsaya ba. Kamfanoni irin su Chai Point da Chaayos sun shigar da shayin titi ɗakuna masu na'urar sanyaya, suna kai shi ofisoshi cikin fulas na kwali a kan ninkin kuɗinsa. Mai shayin bakin titi shi ma ya manna lambar biya ta waya a jikin teburinsa, ba ya neman canji. 'Yan ci-rani daga Kerala da Pakistan sun tafi da girkin ƙasashen Larabawa na Gulf, inda ya zama karak da madarar gwangwani, wanda duk alhaji ko ɗan kasuwar Dubai ya san ɗanɗanonsa. A ɗaya gefen kuma Darjilin, mai gandaye 87, wanda a 2004 ya zama kayan Indiya na farko da doka ta kare sunansa, yana ja da baya. Ganyen da ya kai kilo miliyan 14 a farkon shekarun 1990 bai kai rabin haka ba yanzu: itatuwa sun tsufa, damina ta rikice, wani yajin aiki na kwana 104 a 2017 ya kori masu saye zuwa ga shayin Nefal mai araha. Dama galibin Indiyawa ba su taɓa ɗanɗana shi ba, Jamus da Japan yake tafiya. A Siri Lanka, inda manomi ke shan baƙin shayi yana gatsar mazarƙwaila, haramta takin zamani da shugaba Gotabaya Rajapaksa ya yi a Afrilun 2021 ya karya noman, har gwamnati ta janye kafin shekarar ta ƙare. A daidai lokacin ne ƙasar ta amince ta riƙa biyan bashin man Iran da ganyen shayi.

Wurin da aka fi jinkirin ganin sauyi shi ne inda ganyen ke fitowa. Har gobe mata ne ke tsinka, kwando a baya, igiyarsa a goshi, toho ɗaya da ganye biyu, daga safe har a kai ma'auni da yamma. Wadda ba ta cika awo ba a yanke mata kuɗi. Jikokin waɗanda aka kwaso ne, yawancinsu kuma suna cikin gidajen da aka jera kakanninsu, gidajen da in aiki ya ƙare zama ya ƙare. A gandayen Assam shayin da ake ba su a bakin aiki ba madara ba sukari, gishiri ake sa masa, al'adar da ta samo asali tun zamanin Turawa, likitoci kuma na danganta ta da yawan hawan jini a cikinsu. Tamilawan gandayen Siri Lanka wata dokar 1948 ta bar su ba ƙasa. Wata yarjejeniya ta 1964 ta tura wasu Indiya, ragowar kuwa sai 2003 aka kammala ba su takardar zama 'yan ƙasa. A 2015 matan gandayen Munnar da ke Kerala suka tsallake shugabannin ƙungiyar ƙwadago maza suka yi yajin aiki da kansu, suka sami ƙari.

A Bangladesh, cikin Agustan 2022, ma'aikata kusan 150,000 suka ajiye kwanduna na kusan mako uku. Taka 120 ake biyansu a yini, suka nemi 300. Firaministar lokacin, Sheikh Hasina, ta zauna da masu gandaye, aka tsaya a kan 170, abin da a canjin lokacin bai kai dala biyu ba.